Kwana Huɗu Ina Neman Mataccen Ɓera

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta ambace ni sai ta ce "waccan", ranar da ta ji daɗina kuma ta ce "mai aikin Abuja". Goggona ce ta ɗauke ni tun daga yaye ta riƙe ni a Zariya har na yi aure, don haka abin da ke tsakanina da Inna gaisuwa ce daga bakin ƙofa, ido a ƙasa. Ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Ban taɓa ganin kanta babu ɗankwali ba. Mutane suna yaba irin wannan kunyar, ni ma na daɗe ina yaba ta, har sai da ta ci gwiwar uwata ina cikin gidan.

Ciwon gaɓɓai ne ya kawo ta wurina a Suleja. Ya fara da yatsun hannu, da safe su sandare ta kasa ɗaure bakin zane, daga baya ya sauka a gwiwar dama ya yi zamansa. Ƙannena suka ce tunda ni nake aiki a ɗakin gwajin jini a Abuja, ni na san likitoci, sai a kawo min ita. A unguwar Magajiya muke haya, ɗaki biyu da falo, tsakar gida ɗaya da mai gidan, wata Hajiya 'yar asalin wajen Izom da mijinta ya rasu ya bar mata gidan. Maigidana direban babbar mota ne, in ya kama hanyar Diko sai ya yi mako bai dawo ba. Ko yana nan ma, suruki ne, iyakarsa ya tsuguna a bakin labule ya gaishe ta. Ni kuwa da an sallame asuba nake fita neman mota, ban cika dawowa kafin magariba ba. Hajiya ce take wuni da Inna, nan da nan suka saba kamar tare suka tashi.

Ciwon bai ba Inna tsoro ba, mutuwa ma ba ta ba ta tsoro ba. Abu ɗaya take tsoro, sallar kujera. Tun tana yarinya goshinta yake taɓa ƙasa sau biyar a rana har da na dare, yana da tabon nan baƙi na masu yawan sujada, kuma na san tana ji da shi ko da ba ta faɗa. Na sha jin ta tana gaya wa Hajiya cewa Allah Ya ɗauki ranta kafin ranar da za a ajiye mata kujerar roba a kan sallaya. Da gwiwar a kumbure haka take dafa bango ta sauka, tana nishi, ta kai goshinta ƙasa.

Likitan da na kai ta wurinsa ya ce garkuwar jikinta ce take yaƙar gaɓɓanta. Ya rubuta maganin da ke kwantar da garkuwar, ya kuma ja ni gefe ya ce min da Turanci, kamar yana magana da abokiyar aiki, in kula sosai, domin mai shan wannan magani ƙaramin rauni ma yana iya zame masa babba. Na gyaɗa kai ina jin daɗin an ɗauke ni a masaniya. Na sayi maganin, na nuna wa Hajiya lokutan sha. Gargaɗin kuwa a cikina ya kwana, ban gaya wa kowa ba. Ina ganin wa zai ji wa tsohuwa rauni tana zaune a ɗaki.

Wata Lahadi bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, an ɗauke ruwa ke nan, Hajiya tana ɓarar gyaɗa, ni ina tsince shinkafa, Inna ta miƙe ƙafa a kan tabarma. Tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Sai ta dubi Hajiya ta ce, "Hajiya, tambayar min mai aikin Abuja, wai shin mene ne a cikin gwiwar nan da yake hura ta haka?"

Haka muke magana da Inna. Ta gaya wa Hajiya ina ji, in ba Hajiya amsa tana ji.

Tambayar ta zo min a daidai, don a makon nan na tsare wata malama a wurin aikinmu da take bincike a kan kumburi, ta yi min bayani har na haddace. Sai na gyara zama. Na ce wa Hajiya jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina shi, kowace ƙwaya kuma a can tsakiyarta akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda a jikinsa aka rubuta yadda mutum zai kasance. Akwai wani sinadari, furotin ne, sunansa ma haruffa ne da lamba, aikinsa ya rungume zaren nan, ya lanƙwasa shi, ya riƙe shi a tsare don a iya karanta shi. Muddin yana ciki, alheri ne. Amma in ƙwayar ta ji rauni ta fashe, sai ya zubo waje. Sojojin jiki da sun gan shi a waje sun san an yi ɓarna, sai su rugo wurin da zafi da kumburi.

Na ga Hajiya ta tsaya da ɓarar gyaɗa, sai na ƙara mata da misali. Na ce kamar tsohuwar gidan da ba a taɓa gani a ƙofar gida ba, ranar da aka gan ta a tsakiyar titi babu mayafi, ba sai an tambaya ba, kowa zai ɗauko bokiti ya rugo, an san gobara ce. Na ce to a gwiwar Inna masu kashe gobarar ne suka yi yawa, suna tattake wasu ƙwayoyin, su ma su fashe su zubo da nasu, a sake rugowa. Abin ya ƙi ƙarewa ke nan.

Har yau in na tuna yadda na ji daɗin bakina a wannan yammacin sai tsigar jikina ta tashi don takaici.

Hajiya ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Inna kin ji ko? Ashe wani abu ne ya fito yake yawo a ciki."

Inna ta ce, "Na ji."

Hajiya ta ce, "To abin da ya fito ai janye shi ake yi."

Na yi dariya na ce, "A'a Hajiya, ba haka ake yi ba dai." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Wayata ta yi ƙara a ɗaki na tashi, da na dawo an shiga wata hirar. Ban koma kan maganar ba, don ni a wurina na riga na gama burge su.

Ranar Juma'a da na dawo daga aiki na ji warin. Da na ɗaga labulen falo ya doke ni, wani ɗoyi mai zaƙi-zaƙi da ya cakuɗe da turaren wuta. Inna ta cika ɗakinta da hayaƙin turare har ido yana yaji. Na gaishe ta daga ƙofa, ta amsa tana kan gado, fuska ga bango, zane har idon sawu. Na ce a raina kwatar bayan gida ce, damina ta cika ta. Na zuba mata ruwan omo da kananzir na kwanta.

Asabar ina gida wuni guda. Warin ya ƙaru. Akwai wata mata 'yar kudu a gidan da ke jikin namu, mai sayar da busasshen kifi, na fita na tsaya a ƙofarta na zazzage mata rashin mutunci, na ce ruwan kifinta ne take kwararo mana. Ta fito da hannu a ƙugu ta ce, "Madam, no be my fish o! Wallahi ba kifi na ba ne. Duba gida naki." Na yi tsaki na juyo. Matar nan gaskiya ta faɗa min, ni kuwa har yau ban je na ba ta haƙuri ba.

Daga nan na yanke cewa ɓera ne ya mutu a wani lungu. Na ɗaura ɗankwali a hanci na shiga aiki. Na janye kujerun falo, na zazzage buhun masara, na fito da tukwanen da ban taɓa girki da su ba, na sa tsani na leƙa silin da tocila. Lahadi na shiga ɗakin Inna da tsintsiya. Na ce, "Hajiya, a ce wa Inna zan share ƙarƙashin gado." Hajiya tana bakin ƙofa, sai ta koma ɗakinta da sauri. Na durƙusa na zura kai ƙarƙashin gadon da uwata take zaune a kai. Ƙafarta tana saitin kunnena. Zafin da ke fitowa daga cikin zanen ina jin sa a kumatuna. Ƙudaje biyu suna sauka a kan zanen daidai gwiwa, tana kore su da gefen mayafi a hankali, don kada in lura.

A nan ne nake jin ƙyamar kaina. Na san warin nan. Shekara da shekaru ina buɗe kwalaben da ake kawowa daga ɗakin masu miki, na san warin mugunya kamar yadda mai tuya ta san warin man da ya ƙone. Tun ranar Asabar hancina ya gaya min gaskiya. Amma kafin in yarda da hancina sai na ce, "Inna, ɗaga zanenki in gani." Kalma biyar. Na juya su a bakina ina durƙushe a ƙarƙashin gadon, suka ƙi fita. Yaya za a yi 'yar fari ta ce wa uwarta ta buɗe mata cinya? Sai na ci gaba da shara. Na fito da takalmi ɗaya da ƙullin goro da ƙura, na ce da ƙarfi, don ta ji, "Wannan ɓera ko ina ya shiga ya mutu, oho."

Inna ta ce wa bango, "Allah Ya bayyana shi."

A kwanakin nan ban ga ta fito alwala ba, Hajiya ce take kai mata buta da roba. Ban ji nishin da take yi in za ta sauka sujada ba. Duk na lura, duk na haɗiye. Litinin da asuba na saka farar rigata a jaka na tafi Abuja gwada jinin mutanen da ban sani ba.

Da na dawo, a ƙofar gida na tarar da Hajiya tana jirana, ido ya yi ja. Ta kama hannuna ta ce, "'Yata, ki yafe min. Inna ce ta ce kada in gaya miki, wai kunyarki take ji. Tun azahar take rawar sanyi, ba ta gane mutane sosai."

A tsaye a zaure ta ba ni labari. Tana da wani yaya a ƙauyensu na wajen Izom, manomi ne amma ya gaji wanzanci, shi yake yi wa mutanen yankin ƙaho in sun gama huɗa jiki ya yi tsami. Ranar Talata ta aika ya zo. Ya kafa ƙaho uku a gwiwar, ya tsattsaga, jini kaɗan ya fito. Da ya ga kumburin bai sauka ba ya ce abin yana can ciki, sai an yi sakiya. Ya sa ƙarfe a wuta ya huda. Wani ruwa rawaya ya fito, suka yi ta hamdala, suka ce ga abin nan ya fita. Ya shafa wani baƙin haɗi ya ɗaure da tsumma. A daren Inna har ta yi sujada ba nishi, in ji Hajiya, ta yi ta sa musu albarka.

Na shiga ɗakin. Wannan karon ma ba ni na ɗaga zanen ba, Hajiya ce. Gwiwar ta yi biyun yadda na san ta, fatar tana ƙyalli, ja ya haura har cinya. Tsumman ya manne da naman, da na jiƙa shi na ɓanɓare sai mugunya ta biyo, kauri gare ta, kore-kore, tana fita ta ramin sakiyar kamar ana matsa ta. Bakin tsagar duk ya ruɓe ya yi fari. Na fita da gudu na yi amai a bakin kwatar da na yi kwana huɗu ina zagi. Ni da nake cin abincin rana a kusa da kwalaben majina ban taɓa jin ko ɗar ba. Na kuskure baki na koma, muka cicciɓe ta muka sa a keke napep.

A asibiti aka shiga da ita tiyata aka buɗe gwiwar aka wanke. Bayan kwana uku aka sake. Likitan ƙashin, wani mai furfura da ba ya wasa da magana, ya tambaye ni yaushe aka huda, yaushe ta fara wari. Na faɗa masa. Ya ce ƙwayar cuta in ta shiga cikin gaɓa cin guringuntsi take yi da sauri, balle ga mai shan maganin da ke kwantar da garkuwa, da an kawo ta tun ranar Juma'a da wataƙila an tsira da wani abu. Sannan ya dubi katin aikina da na manta a wuya ya ce, "Ke ba a lab kike aiki ba? A gida ɗaya kuke?" Na ce e. Ya ci gaba da rubutu. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Na so in sauke fushina a kan wanzamin. Har na shirya maganganun da zan gaya masa, ƙazamin ƙarfensa da ƙazamin tsummansa. Sai ga shi ya zo dubiya da kansa, tsoho siriri, tafin hannunsa duk kanta, ya ɗauko doya biyar a buhu tun daga ƙauye. Ya tsuguna a barandar asibiti ya cire hula. Kafin in buɗe baki ya ce, "Hajiya ƙarama, wallahi ni ba na taɓa gwiwa da ƙarfe haka kawai, ubana ma ya hana ni. Sai da aka ce min 'yar mai ciwon ma'aikaciyar asibiti ce a Abuja, ita ta ce akwai abin da ya fito yana yawo a ciki. Na ce to tunda masu ilimi sun gani."

Na tsaya ina kallon doyar. Maganata ce, ba a ƙara mata ko wasali ba. Rabin da ya yi min daɗin faɗa na faɗa, rabin da zai tsare ta na bar shi a cikina. Ban gaya musu cewa abin nan ba a zuƙo shi da ƙaho ba, ban gaya musu cewa duk inda aska ta bi ƙwayoyi take fasawa, su zubo da irin abin da ake son a janye, a ƙara kiran kumburi. Ban gaya musu abin da likita ya ja ni gefe ya gaya min ba. Na karɓi doyar na ce masa an gode.

Da na koma aiki malamar nan mai bincike ta tambaye ni jikin Inna, ta fara yi min bayanin yadda ruwan irin wannan gwiwar yake cika da furotin ɗin. Na ce mata ina da aiki a kan na'ura. Tun daga lokacin ko sunansa na gani a takarda sai in ji warin ɗakin nan ya dawo min.

Inna ta yi makonni a asibiti. An kashe cutar, ƙafar ta tsira, amma gwiwar ta daskare, ba ta lanƙwasuwa sai ɗan kaɗan. Ranar da muka dawo gida ni da hannuna na ɗauko farar kujerar roba daga falo na ajiye mata a kan sallaya. Ba ta dube ni ba, ba ta dubi kujerar ba. Ta daɗe a tsaye tana dafe da bango, har na zaci ba za ta zauna ba. Sannan ta zauna ta ta da kabbara.

Yanzu ni nake wanke mata tabon tiyatar, ni nake shafa mata mai safe da yamma. Na daina aiken Hajiya. Ina shiga in ce, "Inna, kawo ƙafar," ta miƙo, ta juya fuska ga bango. Ashe abin da na kasa ke nan. Ba a yi tsawa ba, ƙasa ba ta tsage ba, kalma uku ce kawai. Duk ranar da na faɗe su cikin sauƙi haka sai na ji haushin kaina ya taso sabo.

Sallayar tana nan a shimfiɗe gaban kujerar, ba ta yarda a naɗe ta. Da can duk mako sai na wanke ta saboda wurin da goshi yake sauka yana yin duhu. Yanzu sai ta yi wata biyu fes.

Bayan kamar shekara guda, wata safiyar Asabar, na gama shafa mata mai ina rufe kwalba, Hajiya ta tafi kasuwa, mu biyu ne kawai a gidan. Sai na ji ta ce, "Ke."

Na ɗaga kai. Ni take kallo, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ta sa yatsunta da suka karkace ta ture ɗankwalin baya, har na ga furfurarta a karo na farko. Ta matso da fuskarta wajen hasken taga.

Ta ce, "Madubin nan ba ya nuna min da kyau. Duba min goshina. Yana nan?"

Na duba. Wurin tabon sujadar ya yi laushi, ya koma kalar sauran fatar, sai wata 'yar inuwa da sai wanda ya san wurin zai gane.

Na ce, "Yana nan, Inna."

Ta ɗan jima tana kallona. Sannan ta ja ɗankwalin ta rufe har gira, ta juya ga bango ta ce, "A miƙo min kujerar, walaha ta yi."